Dausayin Haɗeja-Nguru: an killace daji, amma wa ke riƙe da makullin ruwan?

A ƙarshen shekarar 2020 sanarwa biyu suka fito kusan a jere game da dausayin da ke tsakanin Haɗeja, Nguru da Gashuwa. A watan Oktoba hukumar UNESCO ta sanya yankin Haɗeja-Nguru-Bade cikin jerin wuraren da take kira ma'ajiyar halittu. A Disamba kuma gwamnatin tarayya ta bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a mayar da wasu dazuzzuka goma gandun daji na ƙasa, ciki har da dajin Baturiya na jihar Jigawa. Kafin nan ma wasu sassan dausayin suna ɗauke da sunan Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayoyi, wasu kuma suna cikin Gandun Dajin Tafkin Chadi tun 1991. Tun daga lokacin tambayoyin da ake yi a Guri da Kirikasamma da Dagona ba su sauya ba: za a hana kamun kifi ne? Za a hana kiwo? Gonar da aka gada kaka da kakanni ta faɗa cikin gandu ko tana waje? Sunayen sun yi yawa, kuma kowanne da irin dokarsa. Sai dai kafin a kai ga dokokin, dole a fara fahimtar wurin, domin abin da ke raya shi ba ya cikin iyakar da aka shata.

## Inda koguna biyu suka ɓata hanya

Dausayi ƙasa ce da ruwa ke kwanciya a kanta, ko dai duk shekara ko na wasu watanni, har tsirrai da dabbobin wurin su saba da hakan. Na Haɗeja-Nguru koguna biyu suka haife shi. Kogin Kano da Kogin Calawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Bauchi ta Jama'are da Katagum. A samansu duka biyun suna gudu ne a kan dutse. Da sun shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasar rairayi ta kwarin Chadi sai gudunsu ya mutu, su ci karo da layukan tsofaffin jigayi waɗanda iska ta tara dubban shekarun da suka wuce, lokacin da yankin ya fi yanzu bushewa. Jigayin sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka sai ya rarrabu, ya bi tsakaninsu, ya cika kwaruruka, ya bar tuddai kamar tsibirai. A kan tuddan nan garuruwa suke, da gonakin gero da dawa da riɗi.

Kogin Haɗeja a nan ya kan rabu gida-gida: akwai reshen Kafin Hausa, akwai tsohon Kogin Haɗeja, akwai Burum Gana, akwai kuma mashigar Marma wadda ke zuba a Tafkin Nguru, tafkin da ba shi da mafita. Abin da ya tsira daga zafin rana da shan ƙasa shi ke haɗuwa da ruwan Jama'are a kusa da Gashuwa, ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta jihar Difa, ya faɗa Tafkin Chadi.

Ruwan saman da yankin ke samu kaɗan ne, wajen milimita 500 zuwa 600 a shekara, cikin wata uku zuwa huɗu. Ruwan da ke cika fadamun daga kudu yake zuwa, daga inda damina ta fi ƙarfi. Ambaliyar ta kan fara a Yuli, ta tumbatsa a Agusta da Satumba, sannan ta riƙa janyewa sannu a hankali har cikin rani. Wannan hawa da saukar shi ne komai. Fili ɗaya ya kan ciyar da mutum uku a shekara guda: manomi ya shuka shinkafa da ruwan farko ta tashi tare da ambaliya, masunci ya kafa komarsa lokacin da ruwa ya rufe wurin, bayan girbi kuma a shuka wake ko kabewa a kan danshin da ya rage, daga ƙarshe makiyayi ya shigo da shanu su ci ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, sa'ad da jigawa ta zama ƙura. Wani kaso na ruwan kuma yana nitsewa ƙasa, kuma shi ne rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogin suke sha. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum miliyan ɗaya da rabi, Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani, suke ci daga wannan tsari.

## Tsuntsayen gida da baƙi

Abin da ya fara jawo hankalin duniya kan wurin tsuntsaye ne. An ƙidaya nau'i kusan 377 a yankin. Wasu 'yan gida ne, waɗanda kowane yaro a Nguru ya san su: dinya, kirinjijiya mai fito da dare, zalɓe, balbela, jinjimi, kwasakwasa mai jaka a maƙogwaro. Shamuwa tana zuwa da damina ta koma kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Wasu kuma daga Turai da Rasha suke tasowa idan sanyin can ya kama, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su iso tsakanin Satumba da Nuwamba, su zauna har Maris ko Afrilu. Yawancinsu ƙananan agwagin ruwa ne da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin taɓo da gonakin shinkafar da aka girbe. Ga tsuntsun da ya yi kwana da kwanaki yana keta hamada, wurare kaɗan ne masu ruwa a bakin kudancin Sahara: kwarin Kogin Senegal, fadamun Neja na ƙasar Mali, Tafkin Chadi, sai kuma nan. Ƙidayar da aka yi a Janairun 1997 ta samu tsuntsayen ruwa fiye da 320,000 a dausayin, shekara guda kafin nan kuwa kimanin 200,000 aka samu. Irin wannan bambanci yana bin girman ambaliyar kowace shekara ne.

Wannan ne ya sa a 1987 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya suka kafa shiri na musamman don dausayin. Masu shirin da tsuntsaye suka kawo su ba su daɗe ba suka koma auna ruwa da lissafin shinkafa da kifi, don sun gane ba a raba ɗaya da ɗaya.

Gauraka, wanda a da ake ɗaukarsa tamkar tsuntsun ƙasa a Najeriya, yanzu ganinsa ya yi wuya ƙwarai, saboda kamu don sayarwa da lalacewar wuraren da yake ƙwai. Manyan namun daji ma sun ja baya tun tuni. Abin da aka fi gani a kurmin bagaruwa da giyayya da goruba na Baturiya da Gogaram shi ne jan biri, dila, guza, da barewa jefi-jefi. A cikin ruwa kuwa akwai tarwaɗa, karfasa, kurungu, kawara da bargi. Yawancinsu suna jiran ambaliya ne su bi ta cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a ruwa maras zurfi, su dawo kogi idan ruwa ya fara ja. Gaiwa ta fi kowa shiri, don ita takan binne kanta a taɓo ta yi rani a ciki, sai ruwa ya dawo ta fito. Duk halittun nan da bushewar rani suka saba, kamar yadda suka saba da cikar damina, kuma wannan batu zai dawo idan aka zo maganar ciyawar kacala.

## Suna uku, doka uku

Ruɗanin da ake ciki ya samo asali ne daga ɗaukar sunayen nan uku a matsayin abu ɗaya.

Ramsar sunan wani gari ne a Iran inda aka sa hannu kan yarjejeniyar kare dausayoyi a 1971. Wuri na farko da Najeriya ta gabatar ƙarƙashinta shi ne Tafkin Nguru da mashigar Marma, hekta 58,100, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara da Baturiya, wadda ta haura hekta 100,000, da ɗan ƙaramin tafkin Dagona. Yarjejeniyar ba ta hana noma ko su ko kiwo ba. Abin da ta nema shi ne a ci moriyar wurin ba tare da an kashe shi ba, kuma gwamnati ta ba da rahoto idan yanayinsa ya sauya. Ba ta da ɗan sanda, ba ta da kotu. Alkawari ne da ƙasa ta ɗauka a gaban sauran ƙasashe.

Ma'ajiyar halittu ta UNESCO ita ma ba doka ba ce da za a kama mutum da ita. Tsari ne na raba yanki gida uku: cibiya wadda ake tsananta kariya, zobe na biyu inda ake yarda da ayyukan da ba sa cutar da cibiyar, da zobe na waje inda garuruwa da gonaki suke, rayuwa tana tafiya yadda ta saba. Ikon ƙasar yana nan a hannun hukumomin Najeriya.

Gandun daji na ƙasa shi ne mai haƙora. Dokar Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa ta 1999 ta haramta farauta, kamun kifi, kiwo, sare itace, cinna wuta da zama a cikin gandu ba tare da izini ba, kuma ma'aikatan hukumar suna da ikon kama mai laifi su gurfanar da shi. Ɓangaren Bade-Nguru na Gandun Tafkin Chadi, wanda ya haɗa da Dagona da dazuzzukan Gogaram da Zurgum Baderi, yana ƙarƙashin wannan doka. Baturiya kuwa a da gandun namun daji ne na jiha, inda doka take a takarda amma aiwatarwa ta yi sako-sako, har ƙauyuka da gonaki da mashayar shanu suka kafu a ciki da gefensa. Mayar da shi hannun tarayya yana nufin doka mai tsauri, da ma'aikata masu albashi daga Abuja waɗanda ba sa amsa umarnin hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma.

Akwai abin da sunayen uku suka yi tarayya a kai: babu wanda ya ba wa masu kula da dausayin iko a kan ruwan da ke shigowa. Ƙasa, bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, tana hannun gwamna. Ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, bisa dokar albarkatun ruwa ta 1993, yana hannun tarayya, kuma a aikace Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai hedikwata a Kano, ita ke buɗe madatsai ta rufe.

## Abin da Tiga da Calawa suka sauya

An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Tsakaninsu suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. An gina su ne don dalilai masu ƙarfi. Farin 1972 zuwa 1973 ya nuna cewa dogaro da damina kaɗai kasada ce, birnin Kano yana buƙatar ruwan sha, kuma shirin noman rani na Kadawa, Kura da Bunkure ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noman shinkafa da tumatir da alkama a Arewa. A ƙasa kuma, kusa da Auyo, an yi wata ƙaramar madatsa don shirin noman rani na kwarin Haɗeja, wanda aka faɗaɗa da bashin Bankin Duniya aka ƙaddamar a farkon 2023.

Madatsa tana yin abu biyu ga kogi. Tana rage yawan ruwan da ke wucewa, saboda wanda aka karkatar gonaki da wanda rana ke ɗauka daga saman tafkin. Tana kuma sauya lokacin zuwansa. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, ambaliya kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau. A shekarun 1980 da farkon 1990 an yi shekarun da ba ta kai 1,000 ba. Ba duka laifin madatsa ba ne, don farin 1983 da 1984 ya taka rawa sosai, kuma da damina ta gyaru daga baya ruwan ya ƙaru. Amma sauyin lokaci bai gyaru ba. A da kogin yakan zo da ƙarfi a Agusta ya share yashi da laka daga hanyarsa, ya ƙafe ƙaf a Maris. Yanzu ƙarfin Agusta ya ragu, a rani kuma ana ta sakin ruwa don gonakin sama da famfunan Kano, ragowar tana gangarowa ba yankewa. Kogin da ya saba cika da ƙafewa ya koma mai tafiya a hankali duk shekara.

## Kacala

Wanda ya fi kowa cin ribar wannan sauyi ciyawa ce. Kacala tana son ruwa maras zurfi wanda ba ya ƙafewa, kuma takin zamanin da ke wankowa daga gonakin rani yana ƙara mata ƙarfi. Tana tsayi fiye da mutum, tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka da kuma iri mai tashi a iska. A da bushewar rani ce ke taka mata birki. Da aka daina bushewa sai ta cika magudanai, ta rage gudun ruwa, laka ta ƙara kwanciya, ita kuma ta ƙara samun wurin kafuwa.

Sakamakon ya zo da wani abu da ke ɗaure wa baƙo kai: ambaliya da ƙishirwa a lokaci guda, tsakanin ƙauyukan da ba su fi tafiyar yini ba. Da tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana suka toshe, sai yawancin ruwan ya karkata mashigar Marma zuwa Tafkin Nguru. Mutanen wannan ɓangaren gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, wasu ƙauyuka suka tashi, hanyar Haɗeja zuwa Nguru ta sha yankewa. Mutanen ɗaya ɓangaren kuma fadamunsu suka bushe. Abin da Kogin Haɗeja ke kaiwa Gashuwa ya ragu har ya kusa zama babu, aka bar Komadugu Yobe ta dogara kusan kacokan ga Jama'are.

Kacala ba ta tsaya nan ba. Kwalekwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shimfiɗuwa a cikinta. Sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya da ciwon hantar shanu suna samun mafaka. Uwa-uba, ta zama masaukin janbaki, tsuntsun da ke sauka dubbai a gonar shinkafa ko gero ya bar kara tsaye. Idan gwamnati ta turo jirgin feshi, maganin ba ya tantance janbaki da sauran tsuntsayen da aka kafa gandun dominsu. Ga masu ƙidayar tsuntsaye ma kacala asara ce, domin agwagin Turai buɗaɗɗen ruwa da bakin taɓo suke nema.

An gwada hanyoyi da dama. Ƙauyuka sun yi gayya da lauje da adda, kuma an lura cewa yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda saiwar za ta rasa iska, ya fi ƙona ta amfani. Gwamnatoci sun kawo injinan haƙa masu tafiya a kan ruwa don yashe magudanai. Masu bincike, ciki har da na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, sun gwada mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Kowanne ya taimaka a inda aka yi shi. Amma muddin ruwa yana kwance duk rani, inda aka share bana ana iya komawa a share baɗi.

## Kowa da hujjarsa

Masu noman rani na sama da hukumomin Kano suna cewa ruwan da aka tara a madatsa shi ne ruwan da aka tabbatar. Yana ba da girbi biyu ko uku a shekara, yana ciyar da injinan casar shinkafa, yana shayar da birni mai miliyoyin mutane, kuma a shekarar ruwa mai yawa madatsar tana rage ƙarfin ambaliyar da za ta afka wa Ringim da Auyo da Haɗeja. A ganinsu, sakin ruwa ya bazu a daji rana ta shanye shi almubazzaranci ne.

Masu kare dausayin suna amsawa da lissafi. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun kwatanta abin da kowane ma'aunin ruwa ke samarwa a fadamun Haɗeja-Nguru, ta noma da kifi da itacen girki, da abin da take samarwa a shirin Kadawa, suka samu na fadama ya ninka na shirin sau da yawa, tun ma ba a sa kiwo da ruwan rijiyoyi a lissafin ba. Dalili shi ne fadama ba ta buƙatar siminti ko famfo ko ma'aikata. Masu sukar binciken na iya cewa an yi shi ne lokacin da shirin Kadawa ke aiki ƙasa da ƙarfinsa, kuma amfanin fadama yana hawa da sauka da damina. Duk da haka shawarar da ta fito daga wannan ɓangaren ba ta rushe madatsai ba ce. Cewa suka yi a riƙa sakin ruwa mai yawa a Agusta don kwaikwayon ambaliyar asali, a kuma rage saki a rani har magudanai su bushe na ɗan lokaci. Wahalar ita ce manomin rani na sama a ranin yake buƙatar ruwan, kuma hanyoyin sakin ruwa na Tiga ba a yi su don babbar ambaliya ba.

Sai rikicin Kafin Zaki. Tun shekarun 1970 ake shirin gina madatsa a kan Jama'are a jihar Bauchi, an fara aikin an dakatar fiye da sau ɗaya. Bauchi tana cewa Kano ta samu nata, ita ma tana da haƙƙin noman rani da aikin yi ga matasanta, kuma madatsar za ta rage ambaliyar da ke cin ƙasar Katagum. Yobe da Borno suna cewa Jama'are ne kogi ɗaya da ya rage yana zuwa da ambaliyarsa ta asali, idan aka tare shi Gashuwa da Geidam da Damasak za su ga abin da ya fi na Tiga. Maganar ba ta tsaya a Najeriya ba, don manoman tattasan Difa daga Komadugu suke ban ruwa, kuma ƙasashen biyu suna da yarjejeniyar raba ruwan iyaka da suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990. A 2006 jihohi shida, Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, sun kafa asusun haɗin gwiwa tare da tarayya don kula da kwarin baki ɗaya, mai ofis a Damaturu. Teburin zama ya samu, sai dai asusun ba shi ne ke juya makullin madatsa ba.

Mazauna dausayin su ma ba bakinsu ɗaya ba. Masunci mai koma yana kuka da mai dumba, wanda ke tare mashiga gaba ɗaya da jerin gura ya kwashe har 'ya'yan kifi. Makiyayi yana kuka da mai injin ban ruwa, domin tun da aka hana shigo da alkama a 1987, sannan shirin Fadama ya yaɗa ƙananan famfuna da rijiyoyin burtsatse a shekarun 1990, bakin kogin da shanu ke sha ya zama lambu, burtali ya ƙuntata. Manomi yana kuka da shanun da ke shigowa kafin ya kwashe amfani. Masu saran itace kuma suna loda motoci zuwa birane, kuma daga kurmin gandun suke sara. Masu goyon bayan gandun ƙasa suna nuna wannan a matsayin hujja: in ba a sa doka mai ƙarfi ba, bagaruwa da giyayyar Baturiya za su ƙare, kuma talakan wurin ne zai fara ji a jikinsa.

## Abin da zai taɓa talaka

Ga wanda ke zaune cikin yankin Ramsar ko zoben waje na ma'ajiyar UNESCO, amma ba cikin gandun ƙasa ba, babu sabuwar dokar da ta hau kansa. Zai ci gaba da nomansa da sunsa ƙarƙashin dokokin jiha da na sarkin ruwa da bulama. Abin da sunayen ke iya jawowa shi ne kuɗin tallafi da ayyukan bincike.

Ga na cikin gandu ko bakinsa, komai ya rataya ne a kan inda aka kafa turakun iyaka da kuma irin izinin da za a bayar. Mata masu yankan kaba don tabarma da igiya, masu tsintar goruba, masu ɗiban kanwa da masu neman itacen girki su ne suka fi shiga daji kullum, kuma su ne ba su da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsu. Makiyayan da ke zuwa rani kawai, wasu daga Nijar, sau da yawa ba sa nan lokacin da ake taron shata iyaka. Idan aka rufe musu mashaya a cikin gandu ba tare da an buɗe wata a waje ba, shanun gonakin maƙwabta za su nufa, kuma Guri da Kirikasamma sun riga sun san abin da hakan ke haifarwa. A ɗaya hannun, tafkin da aka hana kamun kifi a cikinsa yakan zama wurin da kifi ke hayayyafa ya bazu zuwa sauran ruwaye da ambaliya, abin da Badawa suka daɗe da sani, tunda ruwan da ake bikin kamun kifi na Gogaram a cikinsa ana hana taɓa shi sai ranar biki. Dokar 1999 ta tanadi kwamitocin ba da shawara da suka haɗa da mutanen gari, kuma ta nan ne ake iya neman a rubuta izinin kaba da mashaya da lokacin kamun kifi a takarda.

Maganar baƙi masu yawon buɗe ido, wadda ake yawan ambata a jawabai, tana buƙatar hanya da masauki da tsaro, kuma lokacinta gajere ne, daga Nuwamba zuwa Maris. Za ta iya samar wa wasu matasa aikin gadi da jagora da tuƙin kwalekwale. Ba za ta maye gurbin shinkafa da kifi ba.

Abin da zai fi shafar kowa, na cikin gandu da na waje, shi ne jadawalin sakin ruwa daga Tiga da Calawa, da yashe tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana don ruwa ya rabu kamar da, da kuma hukuncin da za a yanke kan Kafin Zaki. Ambaliyar 2020 da ta 2022, waɗanda suka cinye gonaki da gidaje a gabashin Jigawa, sun ƙara matsin lamba a yashe magudanai a kuma yi jinga, kuma yadda za a yi aikin yana da muhimmanci: yashewar da ta buɗe tsofaffin rassan kogi tana mayar da ruwa fadamun da suka bushe, wadda kuma aka yi don a kore ruwa da sauri kawai tana iya raba kogin da fadamarsa. Hukumar gandun daji tana ƙarƙashin ma'aikatar muhalli, hukumar kogunan tana ƙarƙashin ma'aikatar albarkatun ruwa, filayen kuma suna hannun gwamnonin Jigawa, Yobe da Bauchi.